Jitar Lantarki: Abin da Hannu Ke Koya Kafin a Jona Wuta

Biyu daga cikin manyan makaɗan jita na yankin Sahara da wayar birkin keke suka fara. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali, yana yaro ya haɗa tasa da gwangwani da sanda da wannan waya. Shekaru da dama bayansa, a Jamhuriyar Nijar, wani yaro mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yau da Mdou Moctar, ya ga Abdallah Oumbadougou yana kiɗa, abin ya shiga ransa. Gidansu kuwa ko zancen ba sa son ji. Sai ya samo katako, ya ɗaura masa wayoyin birki, ya shiga koyo. A 2012 Tinariwen ta ci kyautar Grammy da faifanta mai suna Tassili. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifan Mdou Moctar, Afrique Victime, masu sharhin kiɗa suka sa shi cikin sahun gaba na makaɗan jita na wannan zamani.

Duk mai sha'awar wannan kayan kiɗa yana da abin ɗauka a nan. Ginshiƙan sana'ar, wato kunne da riƙon lokaci da ladabin yatsu, suna samuwa ne tun kafin a jona wuta. Lantarki aikinsa guda ne: ya ɗaga abin da hannu ya yi, mai kyau da maras kyau, ya kai shi kunnen jama'a.

Me ke cikin katakon

Jitar da aka fi sani, mai akwati, cikinta rami ne, kuma ramin ke ƙara mata amo. Ta lantarki yawanci katako ce tsantsa. In ka kaɗa ta ba a jone ba, da ƙyar na kusa da kai zai ji. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai girgizar ta haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin naɗin, wutar ta bi waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta yin aiki a kanta, dole sai ta ƙarfe.

A Kalifoniya aka fara ƙera ta don kasuwa, a farkon shekarun 1930, ta hannun George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker. Amma siffofin da muke gani yau na shekarun 1950 ne: Telecaster ta Leo Fender, sai Les Paul ta kamfanin Gibson a 1952, sai Stratocaster a 1954. Fender kansa ba makaɗin jita ba ne, mai gyaran rediyo ne, kuma tunanin mai gyara ya sa a aikin: wuyan jitarsa da noti aka ɗaure shi, in ya lalace a kwance a sa wani. Watakila wannan na cikin dalilan da suka sa Stratocaster da kwaikwayonta masu arha suka cika hannun samarin Agadas.

Ga mai koyo, jitar lantarki tana da sauƙi guda. Tsirkiyoyinta sun fi na mai akwati siranta, sun kuma fi kusa da wuya, don haka danna su ba ya cin ƙarfi sosai. Tana da wahala guda kuma, wadda ta fi sauƙin girma: ba ta rufa asiri. Yatsa ya goga inda bai kamata ba, kowa zai ji.

Saiti

Darasi na farko shi ne saita tsirkiya, kuma shi ne wanda masu gaggawa suka fi rainawa. Tsarin da duniya ta saba da shi, daga mafi kauri zuwa mafi siranta, shi ne E, A, D, G, B, E. A Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, za ka ji ana cewa mi, la, re, sol, si, mi. Yau kowace wayar hannu tana iya ɗaukar manhajar saiti, kuma ba laifi a yi amfani da ita. Sai dai wanda ya dogara da ita kaɗai ya hana kunnensa makaranta. Tsohuwar hanya ita ce ka danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta biyar ta wuyan jita, ka kaɗa ta tare da wadda ke biye mata a sake, ka yi ta murɗa kunnen jitar har muryoyin biyu su zama ɗaya. Haka za ka bi su duka, ban da ta G, wadda ake dannawa a gaɓa ta huɗu. Yayin da muryoyin suka kusa haɗuwa, za ka ji wani kaɗawa a tsakaninsu yana raguwa, yana raguwa, har ya ɓace. Ranar da mai koyo ya fara jin wannan da kansa, ya shiga sana'a.

Makaɗan Sahara da yawa ba sa tsayawa kan wancan tsari. Sukan ɗaga tsirkiya mafi kauri daga E zuwa G, don babban yatsa ya samu murya guda mai zurfi da zai riƙa komawa kanta ba tare da hannun hagu ya danna komai ba. Marigayi Ali Farka Touré na Mali ma ya yi amfani da irin wannan saiti. Kuma a ƙasa mai zafin rana da sanyin hunturu da ƙura, katako yana motsi, ƙarfe yana miƙewa, don haka saiti abu ne da ake maimaitawa kafin kowane zama, wani lokaci a tsakiyarsa.

Hannun hagu da kanta

Wuyan jita a rarrabe yake da ƙananan sandunan ƙarfe, daga 21 zuwa 24 a yawancin na lantarki. Ana danna tsirkiya ne dab da bayan sandar, ba a kanta ba, ba kuma can nesa da ita ba, da kan yatsa, babban yatsa kuma yana tallafawa ta bayan wuya. Sabon shiga yakan matse kamar mai kokawa, har hannunsa ya sage. Abin da ake so shi ne ƙarfi mafi ƙanƙanta da zai fitar da murya garau. Hanyar gano shi mai sauƙi ce: ka danna, ka kaɗa, ka riƙa sassautawa har muryar ta fara zuza, sannan ka ɗan ƙara kaɗan. Nan ne wurin.

Makonnin farko akwai zafi, ba a ɓoye wa kowa. Kan yatsu zai yi ja, ya yi tsami, sannan ya yi kanta, daga nan zafin ya wuce. Rabin sa'a kullum ya fi sa'a biyar ranar Lahadi, domin fata da jijiya a hankali suke sabawa. A yanke farcen hagu ƙwal. Masu cewa yatsunsu gajeru ne su tuna da Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila, wanda injin masana'anta ya yanke wa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya yi musu murfin roba, ya ci gaba da kiɗa har ya zama uban wani salo sukutum. Bahago ma yana da hanya: Jimi Hendrix bahago ne, Mdou Moctar ma haka.

Daga nan sai haɗin muryoyi, wato danna tsirkiyoyi da dama lokaci guda. Ana farawa da na kusa da kan jita, irin su E da A da D da G da C. Riƙe kowannensu ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne tashi daga wannan zuwa wancan ba tare da kiɗan ya tsaya jiranka ba. Akwai kuma wani haɗi na tsirkiya biyu da kiɗan rok ya ginu a kansa: manuniya a gaɓa ta uku ta tsirkiya mafi kauri, yatsan zobe a gaɓa ta biyar ta mai biye mata. Siffa guda ce, ana jan ta sama da ƙasa a wuya, kuma da ita kaɗai yaro zai iya kaɗa waƙoƙi masu yawa. Mai wuyar shi ne wanda manuniya ke kwantawa a kan dukkan tsirkiyoyi shida. A nan mutane da dama ke jingine jita a bango. Haƙuri ne maganinsa, da ɗan karkata yatsan ya danna da gefensa mai ƙashi.

Hannun dama ne mai gida

Idon mai kallo yana kan hannun hagu, saboda shi ke yawo. Amma duk wanda ya zauna da makaɗa ya san na dama ne ke riƙe da kiɗan. Murya mara daidai da ta faɗo a kan lokaci, masu rawa za su yafe ta. Murya mai daɗi da ta makara da ƙiftawar ido, ƙafarsu za ta sanar da kai.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ta ɗan robar kaɗawa, wanda ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuniya, kansa kaɗan a waje. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa, ba daga gwiwar hannu ba, kuma ana koyon saukewa da ɗagawa bi da bi, ƙasa, sama, ƙasa, sama, ko da an tsallaka zuwa wata tsirkiya. Ta biyu ita ce ta yatsu zalla, wadda makaɗan Abzinawa suka fi bi: babban yatsa yana buga murya mai zurfi ba fashi, manuniya tana zana karin waƙa a kan siraran tsirkiyoyi. Mutum guda, aiki biyu. Wannan riƙo bai zo daga Turai ba. Daga tehardent ya zo, molon Abzinawa mai tsirkiya uku, ɗan'uwan molo da gurmi da garaya na ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa sauraron yadda Haruna Uji yake tafiyar da gurmi, ko yadda Ɗanmaraya Jos yake fitar da zance daga tsirkiya guda ta kuntigi, ba baƙo ba ne ga wannan dabara.

Lokacin da suke bi kuwa na tende ne, gangar da matan Abzinawa ke yi da turmi da fatar akuya, da tafi, da kiɗan takamba. Irin kiɗan da bugu biyu da bugu uku ke tafiya tare ne, kowanne da hanyarsa, suna haɗuwa suna rabuwa, kamar luguden mata a turmi guda: kowace taɓarya ta san lokacin saukarta, kuma in ɗaya ta yi gaggawa, dakan ya rikice. Shi ya sa a ƙungiyar jita ta Agadas, sabon yaro ba ya fara da gaba. Yana fara da tafi, ko ganga, ko jita ta biyu, wadda ke riƙe haɗi guda ko biyu na tsawon minti goma ba ta karkace ba. A ƙungiyar Mdou Moctar, Ahmoudou Madassane ne ke wannan aiki, kuma wanda ya saurara da kyau zai gane cewa a kan shimfiɗarsa ne mai gaba ke samun damar tashi sama. A ganina babu horon da ya fi wannan a duk koyon jita, kuma shi ne wanda mai koyo shi kaɗai a ɗaki ya fi rasawa.

Wanda ba shi da abokan kiɗa sai ya nemi na'urar ƙidayar bugu, wadda ita ma akwai ta a waya. Ya sa ta a bugu 60 a minti, ya kaɗa abu guda har ya fita tsaf sau da yawa a jere, sannan ya ƙara kaɗan. Sauri ɗa ne ga tsafta. Wanda ya nemi sauri da farko, kuskurensa yake horarwa, kuma cire kuskuren da ya zauna a yatsa ya fi koyon sabon abu wuya.

Muryoyi biyar

Yawancin karin jitar lantarki, daga bulus na Amurkawa baƙar fata zuwa rok zuwa kiɗan hamada, a kan tsani mai muryoyi biyar yake tafiya. Siffarsa ta farko a wuya ba ta da wuyar haddacewa: daga tsirkiya mafi kauri, gaɓa ta 5 da ta 8, sai ta 5 da ta 7 a tsirkiyoyi uku masu biye, sai ta 5 da ta 8 a biyun ƙarshe. Bahaushe da ya kaɗa wannan a hankali zai ji kamar ya san shi, domin kiɗan goge da gurmi da waƙoƙin gargajiya da yawa a kan muryoyi biyar suke.

Sai dai tsani ba waƙa ba ne. Abin da ke mayar da shi zance shi ne ado, kuma adon iri kaɗan ne. Akwai bugun yatsa: ka kaɗa sau ɗaya, sannan wani yatsan hagu ya sauka da ƙarfi a gaɓar gaba, murya ta biyu ta fito ba tare da hannun dama ya taɓa ba. Akwai kishiyarsa, fizgar yatsa daga kan tsirkiya. Idan aka jera su da sauri, sai a samu wannan karkarwa da ta zama tambarin jitar Sahara, wadda ke tuna wa mai saurare da imzad, gogen matan Abzinawa mai tsirkiya guda. Akwai tura tsirkiya sama har muryarta ta hau zuwa ta gaba, kuma a nan kunne ne alƙali, don in ba ta kai ba ko ta wuce, ba abin da ya fi shi muni a lasifika. Akwai kuma girgiza murya bayan an danna ta. B.B. King, wanda ya rasu a 2015, da murya guda ake gane shi saboda irin girgizarsa. Wannan ba a sayensa, ba a kuma aronsa. Kowane hannu nasa yake fitarwa bayan shekaru.

Koyon yin shiru

Akwai wani darasi da jitar lantarki ta keɓanta da shi. Idan aka ɗaga amfilifaya, musamman aka sa mata wannan kaushin da matasa ke so, tsirkiyoyi biyar da ba ka kaɗa ba su ma za su fara magana. Don haka rabin aikin hannaye biyu hana magana ne. Gefen tafin hannun dama yana kwantawa a kan masu kauri kusa da jakin jita, cikin manuniyar hagu yana taɓa sirara. Wanda bai koyi wannan ba, kiɗansa zai zama hayaniya komai ƙwarewar yatsunsa. Shawara mai kyau ita ce a yi yawancin atisaye da sauti garau, ba kaushi, domin kaushi yana lulluɓe kuskure a kunnen mai kiɗa, ya bar shi a kunnen mai saurare. A kuma kula da kunnen kansa. Masana lafiya suna gargaɗin cewa daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 yana lalata ji, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Makarantar kaset da ta biki

Yaya waɗannan mutane suka koya ba littafi? Omara Moctar, wato Bombino, an haife shi a 1980 a Tidene kusa da Agadas. Tawayen Abzinawa na 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya, can ya samu jita. Shi da abokansa suka riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna maimaitawa har yatsu su kama. Ya kuma shiga hannun wani gwani mai suna Haja Bebe, wanda ya sa shi a ƙungiyarsa, kuma a nan ya samu laƙabin da ya bi shi. Zamanin tawaye, jita da kaset ɗinta abin tuhuma ne a arewacin Nijar, kuma rikicin 2007 ya sake tura shi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Ya dawo a 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy.

Matakan a bayyane suke: saurare, kwaikwayo, zama a ƙarƙashin gwani, sannan fita gaban jama'a. Jama'ar nan kuwa ta biki ce. A Agadas jita kayan biki ne, kuma wasan biki yana ɗaukar sa'o'i, da janareta da amfilifaya mai tari da masu rawa da ba sa jira. Yaron da ya riƙe jita ta biyu a bukukuwa na shekara guda ya samu abin da bidiyo dubu ba zai ba shi ba. Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya ga muhimmancin gadon har ya buɗe wuraren koyar da kiɗa a Arlit da Agadas.

Mata ma sun shiga, duk da cewa an daɗe ana ɗaukar jita ta maza, tende ta mata. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a jihar Tawa ta koya wa kanta da jitar yayanta, ta kafa Les Filles de Illighadad, ta ɗora kiɗan tende kai tsaye a kan tsirkiya. Kiɗanta ba shi da tsalle-tsalle. Kari guda take riƙewa tana juya shi, kuma ga mai koyo, sauraronta ya fi sauraron masu gudu amfani, don komai a fili yake.

Akwai rubutun jita mai sauƙi da ke yawo a intanet, layi shida da lambobi, kowane layi tsirkiya, kowace lamba gaɓa. Yana da amfani wajen nuna inda yatsa zai sauka, amma ba ya faɗin yaushe ko da wane nauyi. Ka ɗauko waƙa guda da kake so, ka rage mata sauri, ka nemo muryoyinta da kunnenka, ko da jimla guda za ta ci maka yini. Ka kuma ɗauki kanka da waya ka saurara, domin abin da mutum ke ji yana cikin kiɗa daban yake da abin da ya fita.

A ƙasar Hausa

Faifan Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya ya shiga neman mai ita. Wato situdiyon Hausa na da hannu a tashinsa. Duk da haka, a Kano da Kaduna fiyano da kwamfuta ne suka mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa, mutum guda yana fitar da ganga da sarewa da jita daga madannai. Masu riƙe jita ta gaske sun fi yawa a majami'u da ƙungiyoyin kiɗa na Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano. A Yamai lamarin ya sha bamban: akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, akwai kuma ƙungiyoyi irin Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek a kan jita mai saurin gaske.

Matashin Kano ko Maraɗi da ke son farawa ba ya buƙatar Fender ta asali. Jita ta hannu mai miƙaƙƙen wuya, wadda kunnuwanta ke riƙe saiti, da ƙaramar amfilifaya mai batir, sun isa shekara biyu ta farko. Kafin ya biya kuɗi, ya tafi da wanda ya iya, a danna kowace gaɓa a ji ko tana zuza, a kuma gwada muryar gaɓa ta 12 da ta tsirkiya a sake, don a nan ake gane wuyan da ya karkace. Ya riƙa goge tsirkiyoyi da ƙyalle bayan kowane zama, saboda gumi da ƙurar hunturu suna cin su. Sannan ya nemi mai kalangu ko mai ganga a unguwarsu, su riƙa zama tare ko da sau ɗaya a mako.